Abin da ya kamata ku sani kafin ku waƙe naman kaza

Manomin Getso ya san naman kaza. Ruwan damina ya kwana yana zuba, da asuba sai ga shi fari tas a gindin suri, hular ba ta gama buɗewa ba, ƙasa na manne a kanta. Kafin rana ta take ya yanƙwane. Irin na suri gara ce ke nomansa a cikin gidanta. Abu mai gajeren kwana haka ya cancanci waƙa, kuma Na'ibi Sulaiman Wali ya nuna da Waƙar Damina cewa rubutacciyar waƙa na ɗaukar yanayi yadda take ɗaukar wa'azi.

Kari shi ne wuyar aikin. Marubutanmu sun ari ma'aunin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, don Hausa ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ku furta "naman kaza" a hankali: gaɓoɓi huɗu ne, duka masu nauyi. Karin Mutaƙarab kuwa tafiyarsa ɗaya marar nauyi, biyu masu nauyi, don haka sunan ba ya shiga cikinsa ko an yi ta turawa. In mawaƙi ya kira shi "naman ƙasa", ya sami nauyi, nauyi, sauƙi, nauyi, wato ƙafar Rajaz cif. Ya ƙara "sarkin dare", ga ƙafa ta biyu ta zauna.

Amsa-amo ma haka. Gaɓar ƙarshen baiti ita ake riƙewa har waƙa ta ƙare. Wanda ya ɗauki "za" zai sami kaza, maza, aza, gaza, daga nan guzuri ya soma ƙarewa. "Sa" ta fi yalwa: ƙasa, bisa, kusa, nesa, wasa. A ƙwar biyar akan ba ɗango huɗu nasu amsa-amon na ciki, na biyar ya koma kan babban amsa-amon waƙar.

Maimaitawa ce na fi ji wa tsoro. Amshi gado ne daga waƙar baka, yana kuma dacewa da tsiron da ke dawowa wuri guda kowace damina. Amma a bar abin da ke gabansa ya riƙa sauyawa: baiti ɗaya fitowa, na gaba buɗewar hula, sannan yanƙwanewa. In ba haka ba, mai sauraro zai gane cike gurbi ake yi.

A kuma ware baiti guda na gargaɗi, domin yara na haddace waƙa, kuma cikin waɗannan tsirrai akwai masu dafin da ke kisa.