Jikokin Alhazanmu A Birnin Ƙudus Da Maganar Haɗa Iyali

A bakin Ƙofar Majalisa, ɗaya daga cikin ƙofofin Masallacin Ƙudus, akwai tsofaffin gidaje biyu, Ribaɗul Mansuri da Ribaɗu Ala'uddin, waɗanda aka gina tun ƙarni na 13. Mazauna cikinsu baƙaƙen fata ne, jikokin alhazan Nijeriya da Cadi da Sudan da Senegal, cikinsu har da Hausawa da Barebari. Yawancin kakanninsu sun sauke farali ne a Makka, sa'an nan suka zarce ziyarar Ƙudus a zamanin mulkin Turawan Ingila, suka yi aure, suka zauna. Yau Falasɗinawa ne, kuma abin da ya raba iyalan Falasɗinawa ya raba nasu.

Sananniya a cikinsu ita ce Fatima Barnawi, wadda aka haifa a Ƙudus a 1939, ubanta mutumin Nijeriya. A yaƙin 1948 ta yi gudun hijira tare da mahaifiyarta zuwa Jodan, daga baya suka komo. A 1967 Isra'ila ta ɗaure ta saboda yunƙurin dasa bom a wani gidan silima, bayan shekara goma aka sake ta, aka kore ta daga ƙasar. Sai a 1994 ta samu shiga Gaza, inda ta shugabanci 'yan sanda mata. Ta rasu a Alƙahira a 2022.

Falasɗinawa kimanin dubu 700 ne suka bar gidajensu a yaƙin 1948. Ran 11 ga Disamba na shekarar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 194, wanda ya ce a bar masu son komawa su zauna lafiya da maƙwabtansu su koma, waɗanda ba su so kuwa a biya su diyya. A taron Lozan na 1949 Isra'ila ta ce za ta karɓi mutum dubu 100, ƙasashen Larabawa suka ce ya yi kaɗan, maganar ta mutu. Zuwa 2023 waɗanda hukumar UNRWA ta rubuta, su da zuriyarsu, sun kai wajen miliyan 5 da dubu 900.

Tun daga lokacin, gardamar a kan kalma biyu take. Falasɗinawa suna cewa komawa hakki ne na kowane ɗan gudun hijira. Isra'ila kuwa tana cewa in miliyoyi suka komo Yahudawa za su rasa rinjaye, saboda haka abin da za ta yarda da shi shi ne haɗa iyali, watau jinƙai da za ta yi wa wanda ta ga dama, bayan ta duba takardunsa.

Yarjejeniyar Oslo ta 1993 ta ɗage maganar 'yan gudun hijira da ta Ƙudus zuwa zaman ƙarshe. A wannan shekara, a taron Tunis, Isra'ila ta amince da roƙon haɗa iyali 2,000 kowace shekara a Gaɓar Yamma da Zirin Gaza. A taron Kam Debid na Yulin 2000, Ehud Barak bai wuce maganar adadi kaɗan da sunan haɗa iyali ba, Yasir Arafat kuma bai saki hakkin komawa ba, aka tashi baram-baram. Da bore ya ɓarke a ƙarshen shekarar, Isra'ila ta daina duba takardun. A 2008 Ehud Olmert ya yi wa Mahmud Abbas tayin mutum dubu ɗaya kowace shekara har shekara biyar, nan ma ba a daidaita ba.

Saurayin Makarfi in ya auro 'yar Kudan ko ta Ikara, da la'asar ake ɗauko amarya, ba wanda zai tambaye ta takarda a hanya. A unguwar jikokin alhazai ba haka abin yake ba. Tun 1967 mazauna gabashin Ƙudus galibinsu izinin zama kawai suke da shi, kuma an soke na mutum fiye da dubu 14. A 2003 majalisar Isra'ila ta kafa doka, bisa dalilin tsaro, wadda ta hana miji ko mata daga Gaɓar Yamma ko Gaza samun zaman dindindin ta hanyar aure. Dokar ta faɗi a 2021, aka maido ta a Maris 2022. Namiji sai ya kai shekara 35, mace 25, kafin su nemi ko da izini na ɗan lokaci.

Don haka wanda ya auro mace daga Ramallah, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, yana tsaka mai wuya. In ya kawo ta Ƙudus ba izini, kamawa za a yi. In ya bi ta can ya daɗe, yana iya rasa izinin zama a garin da kakansa ya zo ziyara daga ƙasar Hausa.