Yaron ƙauye da harshen aji

Mu mazauna Sabha, da yawanmu jikinmu ne kawai ke nan Fezzan, 'ya'yanmu kuwa suna lakwal a ƙauyukan Damagaram da Maraɗi. Muna aika kuɗin littafi da tufafi, amma ba kasafai muke tambayar abin da ya zauna a kan yaro ba. Wani yakan shekara uku yana maimaita Faransanci a bayan mushe, alhali ko wasiƙar mahaifinsa ba ya iya karantawa.

An daɗe da sanin wannan ciwo. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da lissafi da Hausa, sa'an nan a shigar masa da Faransanci sannu a hankali. Daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan gida gurbi a aji. Sai dai littattafai da horarrun malamai ba su taɓa wadata ba. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, muna jiran ganin alamarsa a allon ƙauye.

Ƙasar Sin ta ɓullo wa lamarin ta wajen malami da ciki. Daga 2006 ta riƙa tura matasa masu digiri ƙauyukan yammacinta na shekara uku, gwamnatin tsakiya na biyan albashinsu. A 2011 ta fara ciyar da ɗaliban yankuna matalauta.

Mu dai, ranar da muka kira gida, a miƙa wa yaron wayar ya karanta mana layi biyu, ya faɗi ma'anarsu da Hausa.