Yaɓe: nawa yake ci, kuma yaushe ya fi araha?

Ƴan uwa matan asusu na Tarka, Belbeji da kewaye.

A farkon Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. To in ruwa ya iya da wannan, ina ga ɗakunanmu? Mu a Damargu ruwanmu kaɗan ne, amma in ya tashi zuwa, da iska yake zuwa, kuma daga gabas. Kowacce ta je ta duba bangon gabas na ɗakinta, shi ne ke fara zaizayewa. Yaɓe shi ne rigar bango. In rigar ta yage, tubali ke shan dūka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuɗin yaɓen ƙasa gida huɗu yake tafiya: ɗauko ƙasa a amalanke, ruwa, ladan magini da masu kwaɓa, sai abincinsu. Ƙaiƙayin hatsi da kashin shanu da ake haɗawa muna da su a gida. A bar kwaɓin ya yi kwanaki yana ruɓa ana tattaka shi, ya fi kama bango, bai cika tsagewa ba.

Cikin huɗun nan, ruwa ne mai yaudara. Bayan kaka tabki na da ruwa, ƙaiƙayi na nan a masussuka, maza ba su tafi ci-rani Agadas ko Libiya ko Najeriya ba. Amma wadda ta bari sai bazara, tabki ya ƙafe, rijiyoyinmu kun san zurfinsu, kowane bido sai an saya, ga jakai sun rame, ga magini kowa na nemansa. Aikin ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Da sanyin safiya ake kama fara.

Wata za ta ce, ai gara siminti, a huta gaba ɗaya. Gaskiya ne a Oktoba 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta karya farashin siminti. Amma mu yi lissafi. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, tsayi mita 3, bayansa zai ci buhu biyar zuwa shida na kilo 50. A ce buhu jika uku ne, shida sun tashi jika 18. Ba a sa kuɗin mota zuwa ƙauye ba, ba rairai, ba ruwa, ba hannun magini. Kuma siminti bai son zama kan ginin ƙasa sai an buga ƙusoshi da wayar raga. In ba haka ba, yakan rabu da bango, ruwa ya bi ta bayansa yana cin ƙasa a ɓoye, ke kina ganin waje sumul, wata rana ya ɓallo kamar ɓawon gyaɗa. In kuɗin bai kai ba, a sa simintin inda ruwa ya fi ɓarna: bakin soro, ƙarƙashin indararo, sai dakali a gindin bango. Sauran a bi shi da ƙasa.

Yanzu ina kuɗin zai fito? Tun da aka fara asusun Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, bashin akwati an yi shi ne don sana'ar da za ta juya ta biya kanta da riba. Bango kuwa ba ya haihuwa. Wadda ta ci bashi mai riba ta yi yaɓe, da akuyarta za ta biya. Shi ya sa nake ba ƙungiyoyi shawara su buɗe ɗan zubi daban na gyaran ɗaki. Dala ashirin kowane mako, a mako 52 ya zama jika biyar da dala arba'in. A raba shi lokacin kaka, kada a haɗa shi da rabon salla, don in ya haɗu da kuɗin atamfa kun san inda zai tafi.

Na san gyaran ɗaki haƙƙin maigida ne, ban ce mu ɗauke masa ba. Amma ke da yaranki ke kwana ciki in hadari ya taso, shi yana can nesa. Ki yi masa maganar tun hatsi na zangarniya: ke ki kawo ƙaiƙayi da abincin ma'aikata, shi ya ɗauki ƙasa da magini. Gida uku ko huɗu in suka haɗa kai suka ɗauki amalanke ɗaya da magini ɗaya, ciniki ya fi daɗi. Kuma kada mu manta da zawarawa da tsofaffin cikinmu, ranar gayya ɗaya da tukunyar tuwo ta isa ta rufa musu asiri.

A taron wannan makon, shugaba ta tambayi kowacce: yaushe rabon ɗakinki da yaɓe? Sakatariya ta rubuta, a fara da wanda ya fi lalacewa.

Allah ya tsare mu da rushewar gini, ya sa albarka a akwatinmu. Amin.