Lissafin da ke ɓoye cikin shanyar shinkafar Yauri

Duk wanda ya bi hanyar Yelwa zuwa Ngaski ko Shanga lokacin kaka ya san abin: shanshera baje a kan tamfol, yara na korar awaki, manomi na ɗaga kai yana duba hadari. Ruwa ɗaya ya sauko, wahalar wata huɗu ta shiga haɗari.

Shinkafar da aka yanka tana ɗauke da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Kafin ta ajiyu ko ta shiga injin casa, sai ya sauko kusan kashi 14. Idan bai sauko ba, ta yi fumfuna. Idan kuma ta bushe da gaggawa, ƙwayar ta tsage, a casa ta fito gutsi-gutsi, farashi ya faɗi.

Mu ɗan taɓa lissafi. Buhu mai kilo 100 da danshi kashi 24, ainihin shinkafar cikinsa kilo 76 ne. In ya bushe zuwa kashi 14, nauyinsa zai koma kusan kilo 88. Kilo 12 ɗin ruwa ne zalla. Ka ga ke nan dalilin da ya sa ɗan kasuwa ke gasa ƙwaya a haƙori kafin ya yi tayi.

Akwai na'urar da ke wannan aiki cikin mintuna. Ana hura iska mai zafi ta ƙarƙashin faranti mai huji-huji, hatsin ya riƙa tsalle kamar ruwa na tafasa, zafi ya ratsa kowace ƙwaya. A Tailan, Farfesa Somchart Soponronnarit da abokan aikinsa sun inganta irinta don shinkafa a shekarun 1990. Iskar takan wuce digiri 100, shi ya sa ba a ƙarasa busarwar a ciki: ana sauke danshin zuwa wajen kashi 18, a bar hatsin ya huta, sannan a ƙarasa a hankali.

To wa ke faɗin zafi nawa, minti nawa? Lissafi. Injiniya zai sa zafin iska, gudunta, kaurin hatsi da danshinsa cikin ƙa'idar lissafi, kwamfuta ta nuna masa sakamako tun bai ƙona ko tiya ɗaya ba. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin, ta Page, ta fito ne daga binciken wani ɗalibi kan busar da masara a Jami'ar Purdue ta Amurka a 1949.

Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, hirarmu duk kan noma da casa take, busarwa kuwa an bar wa rana. Na'urar na son wuta da jari, gaskiya ne. Amma ƙungiyar manoma za ta iya haɗa kuɗi ta fara da ɗan awon danshi na hannu. Ɗalibanmu na injiniya da lissafi kuma, ga aikin kammala karatu a bakin Tafkin Kainji: ku auna yadda shinkafar fadamarmu ke bushewa, ku rubuta lissafinta.