Me ya sa kifi ke mutuwa cikin tabki da bazara?

Ƴan uwa manoma da masunta na ƙasar Arewa, ga wata magana mai amfani. Daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, har Tibiri da Gesheme, akwai tabkuna cikin Dallol Mauri. Mutane suna son zuba kifi a ciki, don abinci da kuɗi. Amma wani lokaci, da bazara, sai kifi ya mutu alhali akwai sauran ruwa. Sau da yawa ƙarancin iska ne cikin ruwa mai zafi. Akwai kuma wani dalili: gishiri da kanwa.

Kowane kifi da irin ruwansa. Lita 1 ta ruwan teku tana da gishiri giram 35, kamar ƙaramin cokali 6. Ruwan kogin Kwara bai kai giram 1 ba. Jinin kifi kuwa yana da kamar giram 9.

Kun san idan aka barbaɗa wa ɗanyen nama gishiri, ruwa yake fitarwa. Gishiri yana jan ruwa. To, haka yake yi wa kifi. Kifin kogi cikin ruwa mai gishiri da yawa, ruwan jikinsa ke fita, ya rame, ya mutu. Kifin teku cikin ruwan rijiya kuwa, ruwa ke shige masa jiki, ya kumbura, ya mutu.

Rana tana shan ruwan tabki, amma ba ta shan gishiri. Ga lissafi: tabki yana da giram 3 cikin lita bayan damina. In rabin ruwa ya ƙafe, ya zama 6. In rabi ya sake ƙafewa, ya zama 12. Gargaza ta fi tarwaɗa jure gishiri. Ƴaƴan kifi su ke fara mutuwa. Kanwa kuma ta fi gishiri illa.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu duba bakin tabki. Farar ƙasa alamar kanwa ce. Haka ma ruwa mai santsi kamar sabulu.
2. Mu tace lita 1 ta ruwan, mu dafa har ya ƙone, kamar yadda ake dafa gishiri a Foga, cikin ƙasar Gaya. In abin da ya rage ya cika ƙaramin cokali, a yi hattara.
3. Mu nemi ma'aikatan ruwa da daji su auna ruwan kafin a zuba kifi.
4. Mu kama kifinmu tun watan Maris, kafin ruwa ya janye.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa masuntan garinsu.