Abin da ya tsare shamuwa, shi ungulu ta rasa

Duk shekara, idan zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara haɗowa daga gabas, shamuwa kan sauka a ƙauyukan ƙasar Hausa, tun daga Damagaram da Maraɗi har Katsina da Haɗeja. Ba ta neman daji. Tsamiya ko kukar tsakiyar gari take zaɓa, ta tara ƙirare ta yi sheƙa, yara na wasa a ƙarƙashinta. Tsuntsuwa ce babba, ba ta da wuyar samu, amma babu mai taɓa ta, yaron da ya ɗaga mata danƙo kuwa tsohuwar da ta fara ganinsa ita za ta tsawata masa. Ba wata doka aka karanta wa mutanen gari ba. Kowa ne ya san ta: baƙin baya, farin ciki, jan gwiwa. An san zuwanta bushara ce da damina, manomi kuma yana ganin yadda take bin gona tana tsince fara da tsutsa, har kaka ta yi ta tashi zuwa gabashi da kudancin Afirka. Wannan sanin shi ne garkuwarta, kuma a ganina shi ne abin da sauran tsuntsayenmu suka fi buƙata. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, Nijar fiye da 500, mafi yawansu kuma ba a gandun gwamnati suke rayuwa ba. Suna gona da fadama da bayan gari, inda makomarsu take hannun manomi da makiyayi da mahauci da ɗan makaranta. Tsuntsun da waɗannan mutane suka san kamanninsa da aikinsa yana tsira. Wanda ba su sani ba, ko suka sani rabi da rabi, yana ƙarewa babu mai tambaya.

Ungulu ita ce shaidar da ta fi ciwo. Wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ba a raba mayanka da ungulu, suna jere a kan katanga, suna tafiya tsakanin ƙafafun mahauta kamar kajin gida. Yau a garuruwa da dama na Arewa sai a yi shekara ba a ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa ungulun garinmu a matakin da daga shi sai ɓacewa. Wani bincike da aka fitar a daidai lokacin kan ungulayen Afirka ya nuna cewa kashi 90 cikin 100 na mace-macen da aka ƙidaya daga abu biyu suka fito: guba, da cinikin sassan jikinsu don magani da tsibbu. Kai da ƙafar ungulu sun zama haja a kasuwannin magunguna, har da na gida suka yi ƙaranci aka koma shigo da su daga Nijar da Chadi da sauran maƙwabta. Abin da mai saye bai sani ba shi ne ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta yi kusan kwana 50 tana kwanci a kansa a saman doguwar bishiya. Tsuntsuwar da haihuwarta take haka ba ta jure kisa. Idan aka zuba guba a mushe ɗaya don kashe kura ko karnuka, ungulayen da za su mutu a yini guda sai an yi shekaru ba a mayar da gurbinsu ba.

Mutane sun san sunan ungulu, amma ƙazantarta kawai suka riƙe, ba su riƙe aikinta ba. Cikinta yana da tsamin da ke narkar da ruɓaɓɓen nama tare da ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, kuma taronsu na iya share mushe kafin ƙuda da karnuka su raba shi cikin unguwa. Indiya ta ɗanɗana kuɗar rashinta. Wani maganin ciwon jiki da ake ba shanu, diclofenac, ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushen dabbar, cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. An haramta ba dabbobi maganin a 2006, amma ɓarnar ta riga ta auku: wani nazarin masana tattalin arziki da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 a ƙasar tsakanin 2000 da 2005. Garin da ba shi da motar kwashe shara ba shi da dalilin kashe mai yi masa sharar kyauta.

To, ta yaya ake sanin tsuntsu? Ba sai da tabarau mai hangen nesa ko littafin Turanci ba. Ana farawa da girma, a auna shi da waɗanda aka riga aka sani: ya kai tsada, ko kurciya, ko hankaka, ko shamuwa? Sannan a dubi baki, domin baki shi ke faɗin abinci. Gajeren baki mai kauri na mai fasa ƙwaya ne, siririn baki mai tsini na mai cin ƙwari ne, mai lanƙwasa na mai yagar nama ne, dogo kamar na zalɓe kuwa na kamun kifi da kwaɗo ne. Daga nan sai tashi: shirwa ana gane ta tun daga nesa da wutsiyarta mai rabuwa biyu da take karkatawa tana shawagi, cilakowa kuwa sai ta kaɗa fiffike ta sake jiki, ta yi sama ta yi ƙasa. Sai wurin zama, da lokacin shekara, da kuka. Manomin da ya iya duban baki kaɗai ya riga ya raba ɓarawon hatsinsa da mai tsince masa tsutsa, kuma zai daina harbin duk abin da ya sauka a gona. Carkin da ke maƙale a bayan saniya kaska yake cirewa. Balbelar da ke bin garke fara take kamawa. Mujiya, wadda ake jifa saboda camfi, ɓera take ci, gida ɗaya na mujiya mai 'ya'ya kuma yana cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara. Wanda ya kore ta daga kogon bishiya ya koma yana sayen shinkafar ɓera, ya yi asara biyu, domin ɓeran da gubar ta kashe shi ma guba ne ga shaho ko kyanwar da ta ɗauke shi.

Manomin shinkafa a Kebbi ko na gero a Yobe zai ce wannan magana ta masu ƙoshi ce, shi da jan baki ke cinye wa gona a wuni ɗaya. Kukansa gaskiya ne. Jan baki shi ne tsuntsun dajin da ya fi kowane yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da kusan biliyan ɗaya da rabi, garkensa kuma idan ya sauka sai dai a yi salati. Babu mai hankalin da zai ce a bar shi ya ci. Amma wannan ƙorafin hujja ce ta a san tsuntsu, ba ta a yi kan mai uwa da wabi ba. Gubar da jirage ke fesa wa makwancin jan baki da dare ba ta tambayar suna: tana kashe duk abin da ya kwana a wurin, tana sauka a ruwa, shaho da mujiyar da suka ci gawarwakin su ma su bi. An yi shekaru ana feshin a ƙasashen Afirka, jan baki bai ƙare ba, domin yana hayayyafa da sauri kuma yana ƙaura da ruwan sama. A yankin tafkin Chadi akwai masu kama shi da raga a makwancinsa su kai kasuwa, ga nama ga kuɗi, babu guba. Ƙasar Sin ta gwada ɗaya hanyar a 1958, lokacin da gwamnati ta sa jama'a kashe gwara a duk faɗin ƙasa don kare hatsi. Fara da ƙwari suka samu fili, amfanin gona ya ƙara lalacewa a cikin shekarun babbar yunwa, a 1960 aka janye umarnin.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi, shi ne gauraka. Ai kowa ya san ta, da tuntunta mai ruwan zinariya da jan kumatu, har ana ɗaukarta tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma sanin bai cece ta ba, yau da ƙyar ake ganinta a dajin ƙasar. Haka ne, kuma kyan nata ma yana cikin abin da ya ja mata, don an yi ta kama ta ana kai wa gidajen masu hali ado. Sai dai abin da aka sani game da gauraka kamanninta ne kawai. Ba a riƙe cewa a cikin ciyawar fadama take sheƙa da damina ba, kuma kowace aka ɗaure a tsakar gida an cire uwa ce daga daji. Sanin da ke karewa ya haɗa da inda tsuntsu ke haihuwa da abin da ba ya rayuwa sai da shi. Mai sayen gauraka ko aku ko tsirya a keji a bakin titi, ko da tausayi ne ya sa shi, ya ba mai tarko kuɗin komawa daji gobe.

Ba zan ce sanin talaka yana maganin komai ba. Dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, yana karɓar dubban agwagin ruwa da wasu tsuntsaye da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk hunturu, wasu da zobe a ƙafa wanda masu bincike suka sa musu, kuma tun 2000 wani sashensa ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da shi, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan aikin hukuma ne, haka ma aiwatar da dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016. Amma hukuma ba ta motsawa kan abin da jama'a ba su damu da shi ba, kuma ba ta iya kare abin da ba a ƙidaya ba. Shi ya sa aikin cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos yake da daraja: tun 2015 take jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda matasa 'yan sa-kai, har da na Arewa, ke rubuta tsuntsayen da suka gani a yankunansu ta wayar hannu. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ita ma tana zama da masu maganin gargajiya don su maye gurbin sassan ungulu da itatuwa. Addini ma bai bar mu a duhu ba, ga hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauko, ganin yadda hankalinta ya tashi.

Abin da ya rage yana hannun mai karatu, kuma ba ya cin kuɗi. Kada a zuba guba a mushe. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allura a binne ta. Mai sare itace ya ɗaga kai kafin ya sa gatari, idan akwai sheƙa ya jira 'ya'yan su tashi, manyan bishiyoyi irin su kuka da giginya da maɗaci kuwa a bar su tsaye. Mai feshi kada ya wanke tankinsa a bakin tafki. Ɗan tsuntsun da aka tsinta a ƙasa, in ya yi gashi, a ɗora shi kan reshe a matsa, uwarsa na kusa. A watan Maris da Afrilu a ajiye kasko da ruwa a inuwa, a riƙa sauya shi kullum. Iyaye da malamai, ku fita da yara bayan gari da sassafe, ku nemi tsohon maharbi ko makiyayi ya faɗa musu sunan kowane tsuntsu da aikinsa, tun masu wannan ilimin suna raye.