Turanci Ɗaya, Kunnuwa Daban-daban

A watan Afrilun 2024, Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Y Combinator a Amurka, ya yi wani ɗan rubutu a dandalin X. Ya ce wani ya aiko masa da saƙo kan wani aiki, amma da ya ci karo da kalmar "delve" a ciki, sai ya ɗauke ta alamar cewa ChatGPT ne ya rubuta. 'Yan Najeriya kuwa suka yi masa ca. Kalmar, mai ma'anar zurfafa bincike, ba baƙuwa ba ce a wurinsu; tun a sakandare suke jefa ta a jarrabawa.

Abin da Graham ya manta shi ne Turanci ya daɗe da fin ƙarfin masu shi. Cikin mutum kusan biliyan 1.5 da ke jin sa, waɗanda suka tashi da shi a gida ba su wuce miliyan 400 ba. Sauran duk a aji muka tsince shi, daga littafi, daga bakin malami mai bulala. Shi ya sa Turancinmu ke fitowa a rubuce sanye da babbar riga: dogayen jimloli, kalmomin ƙamus, gaisuwa kafin buƙata. Ladabi muke nufi, amma Ba'amurke kan ji ƙamshin na'ura, ko ma na damfara.

Kuma ba mutane kaɗai ke yin wannan zargi ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji 7 da aka ƙera don gano rubutun na'ura. Cikin rubuce-rubuce 91 na masu jarrabawar TOEFL, wadda baƙin harshe ke yi, manhajojin sun laƙaba wa fiye da kashi 60 cikin 100 cewa na kwamfuta ne, alhali rubutun ɗaliban Amurka kusan duka ya tsallake lafiya. Ɗalibi ya yi gumi ya koyi harshen wani, sannan a ce ba shi ya rubuta ba. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan ba.

Mu ma muna yi wa masu harshen gurguwar fahimta. Baturen Ingila gwanin gatse ne, yakan yabi abu alhali kushe shi yake yi, rubutu kuma ba shi da fuska balle murya. Tun 1982 Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya ba da shawarar a riƙa sa alamar murmushi don a gane wasa, amma har yau baƙon harshe kan amsa zolaya da dogon bayani, a yi ta yi masa dariya. Haka idan Ba'amurke ya ba da amsa da kalma biyu, ba sallama ba godiya, sai mu ce wulaƙanci ne, shi kuwa sauri yake. In Bahaushe ya ji wani ya yi tuntuɓe ya rubuta masa "sorry", sannu yake nufi. Sai wancan ya ce ai ba laifinka ba ne, me na ba da haƙuri?

Wani Bafaranshe, Jean-Paul Nerrière, da ya daɗe yana aiki da kamfanin IBM, ya lura cewa a taro yana fahimtar juna da Japanawa da Koriyawa cikin Turancinsu mai sauƙi fiye da yadda Turawan Ingila da Amurka ke fahimtar su. A 2004 ya fitar da littafi kan tsarin da ya kira Globish, mai kalmomi 1,500 kacal. Ban yarda a tsuke harshe haka ba, don ba a muhawarar siyasa ko ta addini da kalmomin cefane. Amma ya gano inda gizo ke saƙa: ɗan harshe ne kaɗai a taron bai taɓa zama ya koyi yadda ake yi wa baƙo magana ba.